Ruwan famfo: abin da ya faru a Tibirin Gobir, da abin da ke shiga ruwa kafin ya kai randa

A ƙananan garuruwan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ranar da aka fara buɗe shato, ruwa ya zubo a famfon unguwa, rana ce da ba a mantawa. Mata sun huta da jan guga, ƴan mata sun huta da sammakon zuwa rijiyar bayan gari. Daga nan kuma sai a ɗauka an rufe maganar ruwa: tunda daga famfo ya fito, ga shi garai-garai a cikin kwano, ai babu sauran tambaya. Galibi hakan gaskiya ne, domin ruwan famfo ya fi na tafki da na buɗaɗɗiyar rijiya nesa ba kusa ba. Sai dai ido da hanci da harshe, waɗanda da su ake gwada ruwa a gida, laka da tsatsa da gishiri kawai suke ganewa. Abubuwan da suka fi yin illa ba su da launi, ba su da wari. Mutanen Tibirin Gobir sun fi kowa sanin haka a ƙasar nan.

Shekara 15 ana shan ruwa fari tas

Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, tana daf da birnin Maraɗi, tafiyar ƴan mintoci a mota. Wajen shekarar 1985 aka fara ba garin ruwa daga wani foraj mai zurfi. Ruwan ba shi da wari, ba shi da ɗanɗanon da zai sa a yi zargi, kuma an sha shi wajen shekara 15. A cikin waɗannan shekaru, yaran da aka haifa a garin suka taso da haƙora masu dabbare-dabbare, ja ko ruwan ƙasa. Wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu kai ya girma fiye da ƙima, wasu ciwon gaɓoɓi ya hana su tafiya lakwal.

Da aka auna ruwan, sai aka tarar yana ɗauke da sinadarin fulor tsakanin miligiram 4,8 zuwa 6,6 a kowace lita. Iyakar da Hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa ita ce miligiram 1,5. Ke nan yaran Tibiri sun yi ta shan ninki uku, har sama da huɗu, na abin da ya kamata. A farkon shekarar 2001, lokacin da labarin ya bazu har ƙasashen waje, an ƙidaya yara sama da 400, daga mai wata 15 zuwa mai shekara 15, waɗanda ƙashinsu ya nakasa. Waɗanda haƙoransu kawai suka ɓaci sun fi haka yawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar ANDDH ta ɗauki lamarin, ƙungiyar ƙasa da ƙasa FIDH kuma ta fitar da rahoto a kansa a 2002, inda aka zargi kamfanin ruwa na ƙasa na wancan lokaci, SNE, da sakaci wajen bin diddigin ingancin ruwan da yake sayarwa.

Babu wanda ya zuba guba a foraj ɗin. Fulor yana cikin wasu duwatsu da yumɓun ƙarƙashin ƙasa tun halitta, ruwan da ya daɗe a kwance a cikinsu kuma yana narkar da shi sannu a hankali. Shi ya sa zurfin foraj ba hujja ba ne na cewa ruwan ya fi kyau. Zurfi yana kare ruwa daga ƙazantar masai da kashin dabbobi, amma yana iya kai tiyo inda ma'adinai suka fi yawa. Foraj biyu a gari ɗaya, tsakaninsu bai kai tafiyar minti goma ba, suna iya bambanta ƙwarai idan ba ruwa ɗaya suka taɓo ba.

Abin mamaki, fulor kaɗan yana da amfani, don haka ne ma ake sa shi a man goge baki domin ya kare haƙori daga ruɓewa. Yawansa ne ke ɓarna, kuma yara yake fi kamawa, saboda haƙoransu na dindindin suna ginuwa a cikin dasashi har wajen shekara 8, ƙashinsu kuma yana cikin girma. Babban da ya zo garin bayan ya gama girma yana iya shan ruwan shekara da shekaru haƙoransa ba su sauya ba, sai dai daga baya ya riƙa jin baya da wuya da gwiwa sun sandare. Yaron da ba ya samun isasshen abinci, musamman madara da nono, illar ta fi yi masa tsanani. Zafin ƙasar nan ma ya shigo ciki: mai zaune a Maraɗi cikin watan Afrilu yana shan ruwa fiye da mai zaune a ƙasar sanyi, saboda haka abin da ke shiga jikinsa a yini ya fi yawa ko da ma'aunin lita ɗaya ne. Ganyen shayi ma yana da nasa fulor, abin lura ga gidajen da ake ba ƙananan yara shayi mai kauri.

Jan haƙorin mai cin goro a saman haƙori yake, yana raguwa da asuwaki. Na fulor a cikin jikin haƙorin yake, ba ya fita. Idan aka ga yaran unguwa ɗaya ko na lakwal ɗaya da yawa suna da fararen ɗigo-ɗigo kamar alli a haƙoran gaba, ko zane ruwan ƙasa, to ba maganar rashin wanke baki ba ce, ruwan da suke sha ya kamata a auna.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata uwar gida ta sani shi ne tafasa ruwa ba ya fitar da fulor. Tururi ne ke tashi, sinadarin ya zauna a tukunya, har ma ya ɗan ƙara kauri. Jabel ba ta taɓa shi, tacewa da ƙyalle ma haka. Akwai hanyoyin rage shi, kamar matatar gawayin ƙashi da ake aiki da ita a Kenya da Habasha, ko injin da ke tura ruwa ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, amma dukansu suna bukatar kuɗi da kulawar ƙwararru. A ƙaramin gari, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar wannan foraj a nemi wani, ko a gauraya ruwansa da na wanda ba shi da fulor har ma'auni ya sauko. Wanda ƙashinsa ya riga ya lanƙwashe kuwa, sauya ruwa yana hana abin ƙaruwa ne, ba ya mayar da shi yadda yake. Yaran Tibiri na wancan lokaci yau magidanta ne da matan aure.

Wa ke da alhakin ruwan?

Amsar ta danganta da irin garin. Tun gyaran fuskar da aka yi wa fannin ruwan birane a 2001, kamfanin gwamnati SPEN ne ke da mallakar kayan aiki, wato foraj, shato da manyan tiyo, shi ne kuma ke neman kuɗin sababbin ayyuka. Rarraba ruwan da karɓar kuɗin faktir yana hannun SEEN ne, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi girma a ciki, har zuwa ƙarshen 2023. Daga watan Janairun 2024 kamfanin gwamnati NDE ya gaje shi. Wannan tsari ya shafi Yamai, manyan biranen jihohi da garuruwan gundumomi da dama.

Sauran garuruwa da manyan ƙauyuka suna da abin da ake kira ƙaramin AEP: foraj ɗaya ko biyu, gurup ko allunan hasken rana, shato ɗaya, da famfunan unguwa. A ƙarƙashin dokar ruwa ta 2010, waɗannan suna wuyan ƙananan hukumomi, su kuma sukan damƙa gudanarwa ga wani ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, tare da ƙungiyar masu shan ruwan da ke sa ido. A nan ne aka fi samun giɓi. Mai gudanarwa yana da dalilin gaggauta gyaran injin da ya lalace, domin idan ruwa bai zo ba, kuɗi ba ya shigowa. Sayen maganin kulor da biyan kuɗin awo a ɗakin bincike kuwa ba su ƙara masa ko dala, kuma babu mai lura idan ya tsallake su. Sai fa idan yarjejeniyar ta tilasta masa, ma'aikatar magajin gari kuma ta bi sawu.

Warin jabel ba aibi ba ne

A Yamai ruwan kogin Kwara ake ɗebowa, a kwantar da lakarsa, a tace shi a tashoshin Gudel da Yantala, sannan a sa masa kulor. A garuruwan kudu kusan duka ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda yake fitowa daga foraj ba tare da ƙwayoyin cuta ba idan an gina bakin foraj ɗin da kyau. To me ya sa shi ma ake sa masa kulor? Saboda hanya. Daga foraj zuwa shato, daga shato zuwa ƙarshen unguwa, daga famfo zuwa randa, akwai ƙofofi da yawa da ƙazanta za ta shiga. Kulor ɗin da ya saura a cikin ruwa shi ne mai gadinsa a wannan tafiya.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne a samu tsakanin miligiram 0,2 zuwa 0,5 na kulor a lita a bakin famfo. Wannan kaɗan ne ƙwarai, ba ya cutar da babba ko yaro, amma hanci yana jin sa. Mutane da yawa suna ƙin ruwan saboda wari, suna cewa yana ɓata fura ko shayi, har wasu su koma rijiya. Kuskure ne mai tsada. Wanda warin ya dama, ya zuba abin da zai sha a rufaffen buta ko kwalba ya ajiye na ɗan lokaci, warin zai ragu. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda bai taɓa jin wannan wari a famfonsa ba, musamman idan gidansa yana can ƙarshen layi, domin kulor yana raguwa da zafi, da nisan tafiya, da daɗewar ruwa a shato, yana kuma ƙarewa da wuri idan ya gamu da dauɗa a cikin tiyo.

Shaton kansa abin dubawa ne. Idan murfinsa ya karye ko ragar bututun iskarsa ta yage, tsuntsaye da ƙadangaru da jemagu suna shiga, ƙura kuma tana taruwa a gindinsa. Ana so a zubar da ruwan a wanke shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A gari da yawa, tambayar ranar da aka yi wankin ƙarshe ba ta da mai amsawa.

Yankewar ruwa ta fi ƙishirwa illa

Tiyon da ke cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje yake fesowa, babu abin da zai shiga. Da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, tiyon ya zama kamar tsinken zuƙar lemo: duk abin da ke kwance a kusa da tsagar sai ya tsotso shi ciki. Idan tiyon ya ratsa ta kwata, ko ta gefen ramin masai, ko ta inda ruwan wanka ke taruwa a bayan katanga, to abin da zai tsotsa ke nan. Da ruwa ya dawo, sai ya kwaso wannan duka ya kai famfon farko da aka buɗe.

Shi ya sa garin da ruwansa ke zuwa yana ɗaukewa ya fi garin da ruwansa ba ya yankewa haɗari, ko da daga tushe ɗaya suke sha. Mutanen Damagaram sun san wannan rayuwa tun kaka da kakanni. Birnin yana zaune a kan dutse, ƙarƙashinsa babu ruwan kirki, sai an jawo daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, unguwanni da dama kuma sai tsakar dare suke ganin ruwa a lokacin bazara. A ƙananan garuruwa kuwa, ɗaukewar wuta, ƙarewar gazuwal ko hadarin da ya rufe allunan hasken rana sun isa su bar tiyo fanko na yini guda.

Akwai abubuwan da mutanen gari ke yi da hannunsu da ke ƙara dagula lamarin. Ƙaramin tiyon roba da ake ja daga babban layi zuwa gida sau da yawa ba a binne shi da zurfi, amalanke da mota suna bi ta kansa, ruwan sama ya tone shi, rana ta busar da shi ya tsage, sai a ɗaure da robar taya a ci gaba. Masu hali suna sa injin zuƙo a bayan kwantar domin su cika tankin sama. Injin yana jan ruwa da ƙarfi daga layin, ya rage wa maƙwabta, ya kuma ƙara tsotsar ƙazanta ta kowace tsaga. Wasu saboda rashin ƙarfin ruwa suna tona rami su saukar da bakin famfo ƙasa da doron ƙasa, damina na zuwa ramin ya cika da ruwan titi. Haka ma tiyon da ake barin bakinsa a nutse cikin duro ko kwamin dabbobi: in ruwa ya ɗauke, abin da ke cikin duron yana iya komawa cikin layi.

Abin yi a gida mai sauƙi ne. Idan ruwa ya dawo bayan yankewa, a bar na farko ya zuba har ya washe, a tara shi don wanki, yayyafa tsakar gida ko ban ruwan itace, sannan a tari na sha. A damina, ko lokacin da aka ji ana zawo da amai a gari, ko da ya washe a sa masa magani.

Ba tsoratarwa ba ce. A 2018 annobar kwalara da ta faro daga gundumar Madarunfa ta kama mutum sama da dubu 3, ta kashe fiye da 70, yawancinsu a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo da ƙarfi, ta kama sama da dubu 5 a jihohi da dama, Maraɗi da Damagaram da Tawa na cikin waɗanda ta fi taɓawa, mutum fiye da 150 suka rasu. A 2017 kuma ciwon hanta nau'in E, mai sa shawara, ya ɓarke a jihar Diffa, ya fi yin kisa a cikin mata masu ciki. Duka waɗannan, da taifod, da zawon yara na yau da kullum wanda ba ya shiga labarai amma ya fi su cin rai, hanyarsu ɗaya ce: bayan gida ya sami hanyar shiga ruwa ko abinci.

Idan ruwa ya sauya kama

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane sauyi ne abin tsoro ba. Ruwan da ya fito fari kamar an ɗiga masa madara, idan aka zuba a kofin gilashi aka ga yana washewa daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu, iska ce kawai ta shiga tiyo, babu komai. Wanda ya fito garau, bayan ya kwana ya koma ja, ya bar tabo a farar riga da gindin bokiti, ƙarfe ne a cikinsa. Wannan sananne ne a foraj masu zurfi, har da na jihar Tawa. Daga miligiram 0,3 a lita yake fara ɓata wanki da ɗanɗano. Yana da ban haushi, amma ba shi ne ke kwantar da mutum ba. Illarsa ita ce yana cinye kulor, yana kuma korar mutane zuwa rijiyar da ruwanta ya fi daɗi a baki amma ya fi ƙazanta.

Ruwan da ya zo da laka bayan an yi ruwan sama, ko mai warin kwata, wannan alama ce ta fashewar tiyo a wani wuri. A daina sha, a sanar da masu ruwa a ranar, a kuma tambayi maƙwabta ko su ma sun gani, domin hakan ne ke nuna ko matsalar ta gida ɗaya ce ko ta layi.

Nitirat kuwa, kamar fulor, ba ya nuna kansa. Yana fitowa daga masai, turken dabbobi da takin zamani, ya fi yawa a rijiyoyi da gajerun foraj na cikin tsohon gari inda gidaje suka cushe. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Jarirai yake yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata, tafasawa kuma ba ta fitar da shi. Wannan ƙarin dalili ne a kan shawarar da ungozomomi da ma'aikatan gidan likita ke nanatawa, cewa jariri har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara. Masu tona foraj na kansu a cikin gida, abin da ke yaɗuwa a Maraɗi da sauran birane, su lura da tazarar da ke tsakaninsa da ramin masai, nasu da na maƙwabci. Mita 30 ake shawarta, filin gidan birni kuma da wuya ya ba da haka.

Daga famfo zuwa moɗa

Gidaje da yawa ba su da kwantar, daga famfon unguwa ko hannun ƴan garuwa suke saye. A wannan ɗan tsakanin ne ruwa mai kyau ya fi lalacewa. Bido mai ruwan ɗorawa na lita 20 ko 25, wanda asalinsa na man girki ne, bakinsa ƙarami, hannu ba ya shiga a wanke cikinsa. In aka ɗaga shi a rana za a ga kore ya kama gindinsa. Murfi ya ɓata, an toshe da leda ko tsumma. Guntun tiyon da mai famfo ke cika bido da shi yana kwance a cikin caɓi tsakanin mai saye da mai saye. Wankin bido ba wuya: ɗan tsakuwa mai tsabta da ruwan sabulu a girgiza, a ɗauraye, sannan a zagaya da ruwan jabel. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur, gazuwal ko maganin ƙwari, babu wankin da zai mayar da shi na ruwan sha.

Randa tana sanyaya ruwa fiye da kowace roba, ba kuma sai an rabu da ita ba. Matsalar tana ga moɗa. Yaro ya fito daga bayan gida, ya ɗauki moɗar da ke ƙasa, ya tsoma har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da saura. Kafin la'asar ruwan da ya baro shato lafiya ya zama abin da ya zama. Randar da ke da murfi, a kan ɗan tudu, da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, wadda da ita ake ɗiba a zuba a wani kofi, ta rage yawancin wannan. Wadda aka sa wa ƙaramin famfo a gindi ta fi. Kuma kada a riƙa ƙara sabon ruwa a kan na shekaranjiya, a juye, a wanke, sannan a cika.

Idan ana shakkar ruwa, tafasawa ita ce mafi tabbas a kan ƙwayoyin cuta: ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti 1, ya huce a cikin tukunyar a rufe. Itace da gawayi da gaz suna da tsada, don haka gida da yawa za su iya yin haka ne kawai don ƙananan yara da marar lafiya, kuma ko hakan ba kaɗan ba ne. Ƙwayar Aquatabs ta fi araha. Girmanta iri-iri ne, saboda haka a bi adadin litar da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Jabel ma tana aiki, amma ƙarfinta ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, wadda ake sayarwa a ƙulle a kasuwa kuma sau da yawa an sirka ta ko rana ta kashe ta, wata ma an haɗa ta da turare ko sabulu. Gara a kai kwalbar wurin ma'aikacin tsabta na gidan likita ya faɗi yawan ɗigon da za a sa. Akwai kuma hanyar rana: a cika farar kwalbar roba mai haske da ruwa garau, a kwantar da ita a kan kwano awa 6 cikin rana mai ƙarfi, kwana 2 idan akwai hadari.

Duk waɗannan suna son ruwan da ya kwanta. Mai laka sai an fara kwantar da shi da alif ko garin ƙwayar zogale, an tsiyaye na sama, sannan a sa magani. Alif da zogale suna sa ruwa ya yi kyan gani, ba su isa su kashe cuta ba. Haka ma ƙyallen tacewa. Ya yi babban aiki a yaƙi da kurkunu, wanda OMS ta tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013, domin ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu yana da girman da ƙyalle zai tare. Ƙwayar taifod ko ta ciwon hanta kuwa wucewa take yi.

Game da piyawata, leda ba shaida ba ce. Akwai masu injin tacewa na gaske, akwai masu cika leda daga famfo ko foraj ɗin gida. Wadda ba ta da sunan mai yi da adireshinsa, babu wanda za a tambaya idan ta yi ɓarna.

Takardar da ya kamata a nema

Awon ruwa kashi biyu ne, kuma ba su maye gurbin juna. Na ƙwayoyin cuta yana neman wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda samunta ke nuna bayan gida ya shiga ruwan. Ƙa'ida ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100. Ana ɗibar ruwan a kwalbar da ɗakin bincike ya bayar, a sa a ƙanƙara, a kai cikin ƴan awoyi, sakamako ya fito bayan kamar kwana ɗaya. Wannan awo na ranar da aka yi shi ne kawai, don haka ake maimaita shi, musamman da damina. Na sinadarai, wato fulor, nitirat, ƙarfe da sauransu, ba ya sauyawa da sauri, amma dole a yi shi kafin a buɗe sabon foraj ga jama'a, a kuma sake lokaci-lokaci, domin ruwan da foraj ke jawowa yana iya sauyawa bayan shekaru ana zuƙa. Awon kulor shi ne mafi sauƙi: ƙaramar ƙwaya ake jefawa a ɗan ruwa, ya koma ruwan hoda, a gwada da ma'aunin launi. Minti biyu ya isa, kowane mai kula da shato yana iya koya.

A Yamai akwai ɗakin bincike na ƙasa LANSPEX da ke awon ruwa da abinci da magunguna. A jihohi, ƙofar farko ita ce ma'aikatar ruwa ta jiha ko ta gunduma, da sashen tsabta na hukumar lafiya. Mai kwantar yana da damar kai kuka ofishin kamfanin da yake biya, ya fi kyau a rubuce, da kwanan wata da sunan unguwa, unguwa guda kuma ta fi mutum ɗaya ƙarfin murya. A garin da ke da ƙaramin AEP, ƙungiyar masu shan ruwa da mai unguwa suna iya neman ma'aikatar magajin gari ta nuna masu takardar awon foraj ɗin, su duba shekarar da aka yi ta, su duba layin fulor ko ya haura 1,5, layin nitirat ko ya haura 50. Idan foraj ɗin kyauta ne daga wani mai hali ko wata ƙungiya, kamar yadda ake yawan yi a masallatai da makarantu, tambayar ba ta sauya ba, domin masu tonawa da yawa suna tsayawa ne da zarar ruwa ya fito. Inda aka nemi takardar aka rasa, kuɗin awo ɗaya bai kai na gyaran injin da ake haɗawa a biya duk lokacin da ya tsaya ba.